Tabo a Gefen Huhu: Zato Bai Isa Hukunci Ba

Malaman fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'ida cewa ba a gina hukunci a kan zato matuƙar akwai hanyar isa ga yaƙini, kuma a ganina babu inda ƙa'idar nan ta fi cancanta a yau kamar ɗakin likitan ƙirji, sa'ad da hoto ya nuna wani ɗan tabo can gefen huhu, wanda bai wuce santimita biyu ba, amma ya kasa bayyana ko saura ne na tsohon tarin fuka, ko kuwa mafarin ciwon daji. Galibin irin waɗannan tabba, alhamdu lillahi, ba daji ba ne. Sai dai wanda ya kasance dajin ne, ranar gane shi ita ke raba wanda za a yi wa aiki ya tashi da wanda aka makara. Bayyina kuwa ɗaya ce, a ciro ɗan nama daga wurin a duba.

Isa wurin shi ne aiki. Tun 1897 Gustav Killian na Jamus ya zura bututun ƙarfe ya zaro ƙashi daga hanyar numfashin wani mutum, a 1966 kuma Shigeto Ikeda na Japan ya fito da bututu mai lanƙwasa. Amma da yake hanyoyin iska suna rarrabuwa tamkar rassan itace, kowane reshe ya fi na bayansa siranta, sai bututun ya tsaya a tsakiya, tabon yana can nesa inda ido bai kai ba. Hikimar da Allah Ya hore wa masana daga baya ita ce su yi wa bututun ja-gora: kwamfuta ta zana taswirar hanya daga hoton CT, maganaɗisu ya riƙa nuna inda bakin bututun yake, sa'an nan wani siririn ma'auni mai aiki da amon sauti ya shaida an taɓa tabon. A 2018 da 2019 Amurka ta ba da izinin na'urorin Monarch da Ion, waɗanda likita ke sarrafawa daga gefe. Duk da haka taswira takan saɓa wa zahiri, domin huhu yana motsi da numfashi, yakan kuma ɗan lotse idan an sa majiyyaci barci, shi ya sa ake sake ɗaukar hoto ana cikin aikin, a ga allura a cikin tabon kafin a yanka.

Adalci ya wajabta a ce tsohuwar hanya, ta soka allura ta tsakanin haƙarƙari, tana da amfaninta ga tabon da ke manne da bangon ƙirji, kuma ta fi araha. Illarta ita ce ta fi yawan huda huhu iska ta taru a ƙirji.

Abin da ya dame ni shi ne halinmu. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, saboda haka da an ga inuwa a hoton ƙirji sai zato ya rinjaya, a ɗora bawan Allah kan maganin wata shida ko da gwajin kaki bai nuna komai ba, yana sha yana ramewa, danginsa suna sayar da abin hannunsu, alhali wata cutar ce daban take ci. Ban ce mu fara da sayen na'urori masu tsada irin Monarch da Ion ba. Ina roƙon gwamnatocin jihohinmu da hukumomin asibitocin koyarwa su tanadi na'urar CT mai aiki kullum, da bututu mai ma'aunin sauti, su horar da likitocin ƙirji da masu duba nama. Kai kuma mai karatu, idan ɗan'uwanka ya yi wata biyu yana shan maganin tarin fuka babu sauƙi, kada kunya ta hana ka tambayar likita da wace hujja aka tabbatar da cutar.