Karatun dare ma yana cin kuɗin abincinku, ba tsadar kudu kaɗai ba

'Yan uwana 'yan arewa da ke karatu a kudu, musamman 'yan aji ɗaya, ku matso kafin jarabawa ta kankama. Kukanmu ɗaya ne kullum: kuɗin wata ba ya kai wata. Mu ce Legas tsada, Fatakwal tsada, Ibadan ma ta lalace. Gaskiya ne. Amma ni dai a ganina, wannan TDB da muke taƙama da shi, kwana aji har asuba, shi ma yana da hannu a aljihunmu.

Akwai wani sinadari da tumbin mutum ke fitarwa, sunansa girelin. Masana a Japan, Masayasu Kojima da Kenji Kangawa da abokan aikinsu, suka gano shi a 1999 a tumbin ɓera. Idan ciki ya zama wayam sai ya hau cikin jini, ya je sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da ci da sha, ya ce malam a nemo abinci. Ka ci, ya sauka. Ba yunwa kaɗai ce aikinsa ba, yana sa jiki ya saki sinadarin girma, yana kuma tura jiki wajen ajiye kitse. Shi ya sa mai rage ƙiba ta hanyar ƙin cin abinci ke shan wahala, yana ramewa girelin na ƙaruwa.

To ga inda abin ya shafe mu. A 2004 an yi gwaji a Jami'ar Cikago ta Amurka da samari 12 masu lafiya. Kwana biyu barcin awa huɗu, wasu kwana biyun kuma awa goma a gado. Da barcin ya ragu, girelin ya hau da kashi 28 cikin ɗari, leftin (shi ne ke shaida wa ƙwaƙwalwa akwai ajiya a jiki) ya sauka da kashi 18, yunwa ta ƙaru da kashi 24. Kuma ba ganye ransu ya fi so ba, kayan zaƙi da na gishiri da na fulawa ne. Mutum 12 ba su da yawa, na yarda. Amma kwana biyu kacal fa! Mu sati uku muke yi. Sai ƙarfe biyun dare ka ga layi wajen mai shayi, Indomie biyu, ƙwai, lemo, biskit na komawa aji. Lissafa wannan sau ashirin, ka ga inda kuɗin Baba ya shige.

Abu na biyu, girelin yana koyon agogo. Lokacin da ka saba cin abinci, nan yake tashi tun kafin ka ga kwano. Duk mai azumi ya san wannan: kwanakin farko yunwa ta taso da rana kamar za ta kayar da kai, bayan ɗan lokaci ta lafa ba tare da ka ci komai ba. Don haka wanda talauci ya sa shi 1-0-1 amma ya tsayar da lokutansa, ya fi samun sauƙi a kan wanda yau ya ci da sha ɗaya, gobe da huɗu, jibi da tsakar dare.

Sannan me ka ci? Furotin ya fi daɗewa yana danne girelin. Garin kwaki da sukari zai kwantar da shi da sauri, ya dawo da sauri. Nan kudu wake ba ya wuya, ga ƙosai ga alale ko'ina. Gyaɗa a cikin garin ma ta fi babu.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Akwai ɗalibin da 0-1-0 ɗinsa ba zaɓi ba ne, babu ne kawai, kuma ba zai faɗa ba saboda kunya irin tamu. Wannan ba bayanin girelin yake buƙata ba, plet yake buƙata. Masu girki a ɗaki, ku duba wanda kullum yake cewa "na ƙoshi" alhali ba ku ga ya ci ba. Wanda nake wa faɗa shi ne mai kuɗin da zai iya kai shi ƙarshen wata, ya ƙone su a sati biyu wajen mai shayi, ya shiga jarabawa ido jajur yana hamma, ya kuma fito yana rokon a tura masa dubu biyu.