Lafiyar 'Ya'yanmu A Jami'a: Kar A Bar Iyaye Su Ji A Bakin Duniya



Yau ina so mu ɗan ajiye lissafin wa zai tsaya, wa zai janye, mu yi maganar yaranmu da ke kwana a ɗakunan kwanan jami'o'i. Abin da ya tayar min da maganar, a gidanmu ya faro.

'Yar yayata tana aji biyu a wata jami'a. Da bazarar da ta wuce, wajen ƙarfe ɗayan dare, zazzaɓi mai zafi ya rufe wata ƙawarta da suke ɗaki ɗaya, ga ciwon kai, ga amai. Yaran nan su kaɗai suka ciccibe ta zuwa asibitin makaranta. Suka tarar da ma'aikaciyar jinya guda ɗaya, motar ɗaukar marasa lafiya kuwa aka ce babu mai. Da kuɗin abincinsu suka yi karo-karo, suka samo mai Keke Napep ya kai ta asibitin cikin gari. Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba, ta tashi. Amma mahaifiyarta sai bayan kwana biyu ta ji, shi ma a WhatsApp ta ga wata ɗaliba ta sa hoton 'yar tana roƙon a yi mata addu'a. Da baiwar Allahn nan ta iso, tambaya ɗaya take ta maimaitawa: “Me ya sa ba wanda ya kira ni?”

Wallahi tambayar nan ta tsaya min a rai. Duk wanda ya taɓa yi wa ɗansa rajistar jami'a ya san akwai gurbin da ake rubuta sunan mahaifi ko mai kula da ɗalibi, da lambar wayarsa. Ke nan lambobin suna hannun makaranta. In kuɗin rajista aka ƙara, sanarwa ba ta ɓatan hanya, kafin la'asar kowane gida ya ji. To don me sai in ciwo ne ake yin gum?

Kar wani ya ɗauka ƙaramar magana ce. A watan Maris na 2025 gwamnatin jihar Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26 a ƙananan hukumomin Gwandu da Jega da Aliero, a ɓarkewar ciwon da ake zargin sanƙarau ne. Ciwon ya shiga har Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jihar da ke Aliero, aka rasa ɗalibai, aka rufe makarantar. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Kuma ba yau sanƙarau ya fara yi mana ɓarna ba. A 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya, mutanen Kano ba za su manta da wannan shekarar ba. A 2017 ya dawo ta Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu, ya tafi da sama da mutum 1,000.

Ciwo ne da ya san lokacinsa. Daga watan Disamba zuwa Yuni yake yawo, ya fi ƙarfi a Maris da Afrilu, lokacin da iska ta bushe, ƙura ta yi yawa, zafi ya tsananta. Ta tari da atishawa da numfashin kusa yake bi daga wannan zuwa wancan. To a ina aka fi cunkoso in ba ɗakin kwanan ɗalibai ba? Ɗakin da aka gina don mutum huɗu, ka tarar da takwas ko goma, wasu a ƙasa, taga a toshe da kaya, wuta babu balle fanka. Kuma sanƙarau kan iya kashe mutum cikin awa 24 in ba a yi gaggawar kai shi asibiti ba.

Ga inda maganar iyaye ta zama dole. Ƙwayar cutar kan yi kwana biyu zuwa goma a jikin mutum kafin alamu su bayyana. Idan aka rufe makaranta aka ce kowa ya tafi gida, wani yaron zai hau mota lafiyarsa lau, ya isa ƙauyensu, bayan kwana uku zazzaɓi ya kama shi. Uwar da ba a gaya wa komai ba, cewa za ta yi gajiyar hanya ce ko maleriya, a sayo fanadol a kemis, a jiƙa masa sassaƙe, a ce bari mu ga safiya. Wannan jiran safiyar shi ke kashe yara. Amma da saƙo ɗaya ya shigo wayar mahaifinsa cewa an samu sanƙarau a makaranta, in ka ga zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, amai, ƙin kallon haske ko ruɗewa, ka garzaya asibiti, da tun a daren za a nemi mota. Nawa ne kuɗin wannan saƙon?

Na san abin da ke sa a yi shiru. Hukumar makaranta na tsoron a ce ta gaza. Gwamnati na tsoron 'yan adawa su samu abin faɗa. Mu ma magoya baya, mu faɗa wa kanmu gaskiya, da zarar wani ya ɗaga irin wannan magana sai mu yi masa caa, mu ce an biya shi ne ya ɓata wa gwamnati suna. Haba jama'a! Ɗanka da ɗan wanda kuke zage-zage da shi a Facebook ɗaki ɗaya suke kwana, kofi ɗaya suke shan ruwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gwamnatin da ta fito da wuri ta ce ga abin da ya faru, ga matakin da muka ɗauka, ita mutane ke yarda da maganarta gobe.

Don haka ga abin da nake ganin ya kamata mu matsa wa shugabanninmu a kai, ko namu ne ke kan mulki ko ba namu ba.

Na farko, kowace jami'a, da kwalejin ilimi, da foliteknik, ta riƙa aika wa iyaye saƙon waya kai tsaye, da Hausa da Turanci, duk lokacin da aka kwantar da ɗalibi a asibiti, ko annoba ta ɓulla, ko aka samu matsalar tsaro. A kuma ware lambar da uba zai kira cikin dare a ɗaga. Iyayen ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace daga Sabon Gida a watan Satumba na 2023 sun san ɗacin zaman jiran labari.

Na biyu, rigakafi. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, wadda ke kariya daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau. Mu roƙi gwamnatocin jihohi su nemi a sa ɗaliban da ke kwana a makaranta cikin sahun farko, tun kafin bazara ta kama. Allurar da aka kawo bayan an yi jana'iza ta makara.

Na uku, kuɗin lafiya. Cikin kuɗin rajista akwai na asibiti, kuma akwai shirin inshorar lafiyar ɗaliban manyan makarantu, TISHIP, ƙarƙashin hukumar NHIA. Iyaye na da haƙƙin sanin me wannan kuɗin ya ƙunsa. 'Yan majalisar jihohinmu su kai ziyarar ba-zata asibitocin jami'o'in jiha, da dare ba da rana ba, su ga ko akwai likita, ko akwai magani, ko motar asibiti za ta tashi.

Na huɗu, cunkoso. Kafin a gina sabuwar ƙofar shiga mai ado, a gina ɗakin kwana, a gyara famfo da banɗaki. Inda ruwa ya yi ƙaranci, amai da gudawa da taifot ba sa nisa.

Mu ma iyaye da namu laifin. Da yawanmu tsakaninmu da yaro “an turo kuɗi” ne kawai. Don Allah, Alhaji, Hajiya, ku karɓi lambar abokin ɗakinsa ku ajiye. Ku tambaye shi ko ya buɗe kati a asibitin makaranta. Ku ja masa kunne kar ya ɓoye ciwo don gudun tayar muku da hankali ko don jarrabawa ta matso. Ku kuma riƙe lambar nan ta hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, 6232, kyauta ake kiranta.

Ni dai na ɗauki alkawari zan kai maganar nan taronmu na mazaɓa, kuma duk wanda ya zo neman ƙuri'ata sai na tambaye shi me ya tanada a kai. Kai ma da kake karantawa, ka tambayi naka. Wanda ke da ɗa ko ƙani a makaranta, ya kira shi yau ya ji su nawa ne a ɗaki, ya dawo ya faɗa mana.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya dawo mana da su gida lafiya da ilimi mai albarka. Amin.