Uwargida, Auna Rami Kafin a Sayo Murhu

Yau za mu yi magana a kan wani abu da ake raina shi, alhali yana jawo asarar kuɗi, wani lokaci ma har da gobara.

A gidajen birni da yawa yanzu ba a ɗora kukar gas a kan tebur. Rami ake fafewa a kantar kicin, ta siminti ce, ko ta katako, ko ta dutse, a zaunar da murhun ciki. Abin gwanin kyau, ga sauƙin gogewa. Wahalar sai ranar da murhun ya tsufa aka sayo sabo. A kawo shi gida da murna, a tarar ya ƙi shiga ramin, ko kuwa ramin ya yi masa yawa yana ta rawa.

A ganinmu wannan sayayya ba ta maigida shi kaɗai ba ce. Ke da ke tsayuwa gaban wutar nan safe da yamma, ke ya kamata ki riƙe awon. Ai ba ki yarda tela ya sa wa atamfarki almakashi bai gwada ki ba. To, don me za a kashe kuɗin atamfa goma a kan murhu da ka kawai?

Ki sani kowane murhu awo biyu gare shi. Akwai faɗin fuskarsa ta sama, akwai kuma girman gindin da ke shiga rami. Mai kanti na farkon yakan faɗa, ke kuwa na biyun kike bukata. Murhu mai kai huɗu da ake kira na santimita 60, galibi ramin da yake so santimita 56 ne a tsawo, 48 ko 49 a faɗi. Kayan Amurka kuwa da inci ake auna su, yawanci 30 ko 36. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ashe na inci 30 ya haura santimita 76. Saboda haka a ɗaga tsohon murhun a auna ramin kansa: tsawo, faɗi, da zurfin da ya rage kafin durowar da ke ƙasa. A rubuta a takarda, a je kanti da ita. Cikin kwalin sabon murhu akwai takarda mai zanen ramin da yake bukata, a nemi gani kafin a biya.

In kuwa an riga an sayo, to a bi a hankali, sauri kan haifi nawa. In ramin ne ya yi ƙarami, kafinta na iya faɗaɗa na katako. Na dutse sai masu aikin dutse, da injin yanka da ruwa, domin ƙurarsa tana cutar da huhu. Kada ki bari a sa masa guduma da kurfi, tsagewa zai yi. A bar wa kantar kamar santimita 5 gaba da baya, don ta iya ɗaukar babbar tukunyar tuwo. In ramin ne ya yi girma, mai walda ya ƙera firam na ƙarfe marar tsatsa wanda murhun zai zauna a kai daram. Kada a cusa kwali, ko tsumma, ko guntun katako. Duk abincin wuta ne, kuma murhu mai rawa shi ke kifar da tafasasshen mai a jikin yaro. In gyaran zai fi ƙarfin aljihu, mayar da murhun a canzo ba abin kunya ba ne.

Sai batun gas. Gas na tukunya ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasan kabad yake kwanciya, don haka a bar wa kabad ɗin kafar shan iska. Bayan an haɗa tiyo a shafa ruwan sabulu a mahaɗar. In ya yi kumfa akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Murhun hannu da aka kawo daga Amurka kuwa, sau da yawa an saita shi ne don gas na bututu, sai an canza masa 'yan bakunan da gas ke fita. Alamarsa doguwar wuta rawaya mai baƙanta tukunya.

Ku iyaye masu haɗa kayan ɗaki, ku aika a auno kicin ɗin amarya tun kafin ranar jere. Ku kuma 'yan makaranta, ga amfanin lissafin da ake koya muku. Ku ɗauki tef ɗin awo ku taimaki iyayenku mata.

Allah ya tsare mu da gobara, amin. Sai mun sake saduwa.