Makin Motsa Jiki Da Makomar Ɗaliban Fannin Adabi A Zamfara

Duk wanda ya san makarantunmu ya san cewa ɗalibi ba ya ba darasi muhimmanci sai gwargwadon makin da ke cikinsa. A kan haka nake son mu dubi halin da darasin motsa jiki ke ciki a sakandarorin Faru, garin Malamin Waƙa Sa'idu Faru, da sauran garuruwan Maradun da Bakura da Talata Mafara, musamman ga ɗaliban fannin adabi.

Idan mai karatu bai manta ba, tun a 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta kawo tsarin auna ɗalibi a kai a kai, don kada a rataya makomarsa ga jarrabawar rana guda. Amma a ƙaramar sakandare, mafi yawan makin wannan darasi daga takarda yake fitowa. Yaro zai haddace tsawon filin ƙwallo da sunayen ƙasusuwan jiki, ya ci maki mai yawa, alhali bai yi gumi ko sau ɗaya ba. Malamin ma ba laifinsa ba ne, domin gyara takarda ya fi sauƙi a inda babu kayan wasa.

A babbar sakandare kuwa, manhajar da aka soma aiki da ita a 2011 ta sanya darasin a rukunin kimiyya, wadda aka sanar a 2025 ma a nan ta bar shi. Hukumar WAEC na shirya jarrabawarsa, har da ta aikace, amma mai burin karanta shari'a ko Hausa ko Larabci ba ya bukatarsa wajen shiga jami'a. Saboda haka daga ranar da aka raba aji, ɗan fannin adabi ya yi sallama da fili, a daidai shekarun da jikinsa ke ginuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum. Binciken da masananta suka fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin 100 na matasan duniya masu shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan ƙa'ida, a cikin 'yan mata kuwa adadin ya kai kashi 85.

Na san wani zai ce ai ɗan karkara noma da tafiyar ƙasa sun ishe shi. A da, wannan magana na da ƙarfi. Amma bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a watan Fabrairun 2021, da harin Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, da sace ɗalibai a Kaya ta Maradun a watan Satumba, wanda ya sa gwamnati ta rufe makarantun jihar, iyaye sun ƙara tsare 'ya'yansu a gida. Zuwa gona mai nisa da wasan dandali duk sun ja baya a garuruwa da dama. Ga yarinya budurwa, harabar makaranta ce kusan wurin da ya rage mata.

To, shin tilasta jarrabawa ce mafita? A ganina, a'a, muddin salon makin bai sauya ba. Idan aka ce maki na wanda ya fi gudu ne, to ƙaƙƙarfan da ba ya bukatar lallashi shi zai kwashe, mai rauni kuma ya kawo uzurin ciwon kai ya koma gindin bishiya. Kamata ya yi makin ya dogara ga halarta da ƙoƙari da cigaban da ɗalibi ya samu a kan kansa daga farkon zango zuwa ƙarshensa, a kuma rubuta shi a katin sakamakon kowa, ɗan kimiyya da ɗan adabi.

Wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Langa da kokawa ga maza, gaɗa da tsallen igiya ga mata a keɓantaccen wuri ƙarƙashin malamai mata, duk ba sai an yi odarsu daga waje ba. Ɗalibin Hausa ma yana karanta wasannin gargajiya a littafi; me zai hana ya buga su a fili?

A 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Ina kira ga Ma'aikatar Ilimi ta jihar da ta sanya wannan batu a cikin gyaran, Kwalejin Ilimi ta Maru kuma ta horar da malamai kan sabon salon auna ɗalibai. Lauyoyi da alƙalai da 'yan jaridar gobe a kan kujera za su yi rayuwarsu, kuma hawan jini da ciwon suga ba sa tambayar fannin da mutum ya karanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa masu iko su ji.