Kwanon da Ya Rage

Akwai wata rumfar mai tuwo a bakin hanya, ba nisa da makarantarmu a nan Dutse. Shekara da shekaru a nan muke cin abincin rana, mu malamai biyar. Benci biyu ne da tebur ɗaya mai karkata. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, ranar da aka yi sa'a kuma miyar taushe. Mai rumfar dattijuwa ce Musulma, Iya muke ce mata. Ta san wanda ba ya son yaji, ta san wanda yake neman ƙarin man shanu ba ya so ya biya.

Mun san abin da waɗansu masu karatu za su ce. A ƙasar Hausa abin kunya ne a ga magidanci yana cin tuwon sayarwa, sai a ce ko dai matarsa ta yi yaji, ko kuwa shi marowaci ne. Amma Dutse ta sha bamban. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 aka mai da garin hedkwata, ma'aikata suka zo daga ko'ina, da yawa kuwa sun bar iyalinsu a Kano, ko Haɗeja, ko can nesa. Irin waɗannan mutane rumfar mai tuwo ita ce madafarsu. Babbanmu, malamin lissafi, ɗaya ne daga cikinsu. Uwargidansa da 'ya'yansa suna ƙauyensu a Jihar Filato, sai lokacin hutu yake ganinsu.

To, sai ga shekarar 2020. Ran 27 ga Fabrairu aka sami mutum na fari mai cutar korona a Legas. Muka ce abin na 'yan jirgin sama ne, ina ruwan mai cin tuwo a Dutse? Kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu. A watan Afrilu aka kulle Kano, cutar kuma ta ɓulla a Jigawa. Sai labarin mace-mace ya fara zuwa, daga Kano tukuna, sa'an nan daga Haɗeja, yawancinsu tsofaffi. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce cikin mutum 979 da aka bincika mutuwarsu a Kano, rabi ko fiye da haka suna da alaƙa da cutar. Daga 4 ga Mayu aka hana fita a ƙasa duka tun ƙarfe 8 na dare har 6 na safe, aka kuma hana ƙetare iyakar jiha. Iya ta kife tukwanenta. Watan azumi ne kuma, ko da ba doka ma cinikin rana ya mutu.

Cikin watan Mayu ɗin nan Malam ya kwanta. Zazzaɓi ne da tari, ya ce maleriya ce. Da ma yana da ciwon sukari. Kwana shida ya yi, numfashi ya gagara. Ba a kai ga yi masa gwaji ba. Hanya a rufe take, babu halin kai gawa gida, babu halin uwargida ta zo. Muka binne shi a nan, mu 'yan kaɗan, kowa da ƙyalle a baki da hanci, kowa yana tsaye nesa da ɗan'uwansa. Fasto ya yi addu'a gajeriya. Muka kama waya kusa da kabari domin matarsa ta ji. Daga nan kowa ya nufi gidansa.

Sai a lokacin muka gane amfanin abin da muka saba yi ba tare da tunani ba. In an yi rasuwa, gida yakan cika. Zumuntar mata takan zo da waƙa da tukwane. Maƙwabta sukan aiko da kunu, da ɗanwake, da tuwo. Wanda aka yi wa rashi ba ya hura wuta, kuma ba ya cin abinci shi kaɗai, gama kullum akwai mai cewa, daure ka sa wani abu a bakinka. 'Yan'uwanmu Musulmi ma haka suke zaman makoki, ana zuwa ana gaisuwa kwana da kwanaki. A wurin wannan zama ne ake ba da labarin mamaci, a yi kuka, a yi dariya, har zuciya ta yarda cewa ya tafi. Annoba ta ɗauke mana wannan duka. Mun binne Malam, amma ba mu yi makokinsa ba. Waɗansunmu sun yi wata biyu suna ɗaukar waya za su kira shi.

Ran 1 ga Yuli aka buɗe hanyoyin jiha zuwa jiha. Iya ma ta sake ɗora tukunya. Wata rana muka ce bari mu leƙa, mu huɗu. Gaskiya da tsoro muka je, ɗayanmu har da cokalinsa a aljihu. Iya ta gan mu ta yi murna, ta ce, "Malamai, sannunku da zuwa, ashe da rabon a gana." Ta juya ta shiga zubawa. Da yarinyarta ta kawo, sai muka ga kwano biyar. Na biyar ɗin ba yaji.

Ba wanda ya iya magana. Iya ta duba benci, ta ce, "Ina babban Malam, ko yana tafe?" Muka gaya mata. Ta ajiye ludayi, ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da mayafi. Can ta ce, "Allah ya ba ku haƙuri, 'ya'yana. Ba wanda ya gaya mini." Mu da ba mu yi hawaye a bakin kabari ba, a rumfar nan muka yi, masu babur suna kallonmu. Sa'an nan labari ya ɓarke. Ta tuna mana yadda yake lissafa mata ribar buhun shinkafa a bayan takardar jarrabawa, yana yi mata faɗa wai tana sayarwa da asara. Muka yi dariya har tuwo ya huce. Kwanon nan na biyar, wani almajiri aka kira ya cinye.

Da za mu tashi muka tambaye ta ko Malam ya bar bashi, gama mun san a ƙarshen wata yake biya. Ta ce akwai na kwana goma sha ɗaya, amma ta yafe. Muka ce ba a yi haka ba, ita ma ta yi wata uku ba ciniki. Aka yi ta ja. A ƙarshe ta karɓa, ta ce za ta ciyar da yara da shi.

Ba muna cewa a yi wasa da cuta ba. Da a ce mun taru a watan Mayu yadda muka saba, wataƙila da kabarin bai tsaya a ɗaya ba. Har yau muna yaba wa Iya da ta daina ajiye kwano ɗaya na wankin hannu wanda kowa ke tsomawa, ta sa buta da sabulu. Da amai da gudawa ya auka wa Jigawa a 2021, mun ga amfanin butar nan. Rigakafin korona ya iso ƙasar a Maris na 2021, mun je an yi mana, a Mayu na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce halin gaggawa ya wuce. Amma akwai gidaje da yawa cikin ikkilisiyoyinmu da aka yi musu rashi a shekarar nan, ba a taɓa zauna musu ba. Mun san wani dattijo da matarsa ta rasu a lokacin. Kullum da magariba yana wurin mai shayi, yana cin burodi da ƙwai shi kaɗai, waɗansu kuwa suna gulma wai ya zubar da girmansa. Ba girki ne kawai ya gagare shi ba. Tabarmar da suke ci tare ce ba ya iya zama a kai. Mai gulmar nan da ya ja benci ya zauna kusa da shi, ya sa a haɗa masa shayi, da ya fi.

Uwargidan Malam ta zo cikin watan Agusta na 2020 ta kwashe kayansa. Muka kai ta kabari. A hanyar dawowa ta ce tana so ta ga inda mijinta yake cin abinci, gama yakan ba ta labari. Muka kai ta. Matan biyu ba su taɓa ganin juna ba. Iya ta kama hannunta ta shigar da ita bayan rumfa, inda ba a kai baƙi, ta zuba mata tuwo da kanta. Mu muka zauna a benci muna jira, har la'asar.