Sharhin Bayan Labarai: Baƙin da Ke Bakin Ƙofar Masana'antu

Sharhinmu na yau zai leƙa Challawa, unguwar masana'antun da ke ƙaramar hukumar Kumbotso a jihar Kano, tare da 'yan uwanta Sharaɗa da Bompai.

Duk wanda ya bi hanyar Panshekara bayan sallar asuba ya san jerin mutanen da ke tsaye a ƙofar majemu da kamfanonin roba, kowa na fatan a nuna shi a ce ya shigo aikin yini. Ka kasa kunne, za ka ji Barbarci, ka ji Hausar Zamfara, ka ji ta Damagaram. Wani rikicin Boko Haram ne, wanda ya ɓarke a 2009, ya raba shi da Bama ko Gwoza. Wani 'yan bindiga ne suka tashe shi daga gonarsa. Wani kuma cin rani ya zo, ranin ya ƙi ƙarewa.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. To wannan raɓa ta shekara goma ba ta bushe ba. Mutanen nan sun yi aure, sun haifi 'ya'yan da ba su san wani gari ba sai Kano. Galibinsu ba a sansani suke ba. Suna kangaye da shagunan haya da zaurukan bayin Allah, shi ya sa motar agaji kan wuce su, domin mai rabon tallafi inda aka kafa tanti yake nema.

Buhun shinkafa yana da amfani, amma ba shi ne babbar buƙatar wanda ke tsaye a bakin ƙofar kamfani ba. Wannan bawan Allah ya baro takardunsa a gidan da aka ƙone. Babu lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, saboda haka babu layin waya da sunansa, babu asusun banki. Idan inji ya datse masa yatsa, ko sinadarin jima ya cinye masa fata, sai a ba shi na magani a sallame shi, ya tafi yana godiya domin yana ganin alfarma aka yi masa. Bai san cewa dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da ma'aikacin wucin-gadi ba, kuma ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun inshorar ma'aikata na NSITF domin irin wannan rana. Haƙƙi yana nan a rubuce. Mai tsaya masa ne babu.

Hukumomin ma akwai su. Tun 1989 aka kafa hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa, wadda a yau ake kira NCFRMI. Ga hukumomin agajin gaggawa na NEMA da SEMA. Ga hukumar ba da lauya kyauta ga marasa ƙarfi, wadda aka kafa tun 1976. Ga NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, da ofishinta a Kano. A 2012 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Kampala, wadda ta ɗora wa gwamnati alhakin kare waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu. Sai dai leburan da abincin iyalinsa ya rataya a kan aikin yau ba zai bar layi ya hau adaidaita sahu neman ofishin da bai san ƙofarsa ba.

Don haka shawararmu ita ce ofis ya zo inda mutanen suke. A ware ɗaki guda a Challawa, guda a Sharaɗa, guda a Bompai, ko da sau ɗaya ne a mako, inda jami'in rajistar katin ɗan ƙasa da lauya da ma'aikacin lafiya za su zauna, tare da tafinta mai jin Barbarci da mace mai sauraron koken mata. Masu unguwanni su rubuta baƙinsu domin a san adadin yaran da ke buƙatar gurbi a firamare, tare da tabbatar musu cewa rajistar ba ta kora ba ce. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN ta ba da wurin, ƙungiyoyin ƙwadago su buɗe ƙofa ga 'yan aikin yini, Hukumar Zakka da Hubusi kuma ta tuna cewa matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin masu rabo.

Ga masu cewa baƙi sun cika gari, mu tuna da abin da ya gina Kano. Wangarawa sun zo zamanin Sarki Yaji. Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi duk masaukin baƙi ne da suka zama 'yan gari. Kuma tun 2019 dubban 'yan uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina ke samun mafaka a jihar Maraɗi ta Nijar, a ƙauyuka irin su Garin Kaka da Chadakori. Yadda muke so a riƙe namu a can, haka ya kamata mu riƙe ɗan Nijar da ke tura kurar ruwa a nan, musamman yanzu da ƙasarsa ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, makomar takardunsa ta shiga ruɗani.

Fatar da ake jemewa a Challawa tana kaiwa har Italiya. Hannun da ya jeme ta ya cancanci a san sunan mai shi, a kuma nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa ranar da aka zalunce shi. Gobe da asuba layin zai sake jeruwa a hanyar Panshekara, da fatan waɗanda abin ya rataya a wuyansu za su je su gani da idonsu.