Kimiyya a Sauƙaƙe: Idan Ruwa Ya Daskare a Cikin Bututu

A darasin Fiziks an koya mana cewa yawancin abubuwa suna tsukewa idan sun yi sanyi, amma ruwa ya fita daban. Da zarar sanyinsa ya sauko ƙasa da digiri 4 sai ya fara kumbura, idan ya daskare a digiri 0 kuma girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Shi ya sa kwalbar lemo take fashewa idan an manta da ita a firiza. Mu nan asararmu kwalba ɗaya ce, amma a ƙasashen sanyi gari guda kan rasa ruwan sha.

Haka ta faru a birnin Winifeg na ƙasar Kanada a shekarar 2014. Sanyin hunturu ya ratsa ƙasa har zurfin fiye da mita 2, ya cim ma bututun da ke kai ruwa gidaje. Dubban gidaje suka wayi gari famfo ya ƙafe, wasu sai da aka jawo musu ruwa da tiyo daga maƙwabta.

To yaya ake narkar da ƙanƙarar da ke binne? Da farko ana buɗe famfo. Dalili kuwa, ruwan da ya maƙale tsakanin ƙanƙara da rufaffen famfo shi ne yake matsuwa har ya fasa bututu. Sai masu gyara su zura siririn tiyo a cikin bututun har ya taɓa ƙanƙarar, su riƙa tura ruwan zafi, tana narkewa suna ƙara tura tiyon gaba. Idan bututun na ƙarfe ne, akwai injin da ke tura wutar lantarki ta jikinsa ya ɗumama shi. Wannan dabarar ba ta aiki a bututun roba, domin lantarki ba ya bi ta roba, kuma aikin ƙwararru ne saboda tana iya haddasa gobara. Kara wa bututu harshen wuta kai tsaye kuwa ganganci ne.

Bayan ruwa ya dawo, saura hana shi sake daskarewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar famfo yana zuba siriri dare da rana, tunda ruwan da ke tafiya ba ya samun sukunin daskarewa. Hukumomin Winifeg sun umarci gidajen da ke cikin haɗari su yi hakan. Maganin dindindin shi ne a binne bututu ƙasa da iyakar da sanyi yake kaiwa, ko a naɗe shi da abin da ke riƙe ɗumi, ko a bi jikinsa da waya mai ɗumamawa. Bututun lambu kuma a zubar da ruwan cikinsa kafin hunturu ya shigo.

Wani abin mamaki, dusar ƙanƙara bargo ce ga ƙasa. Inda ake share ta, kamar kan titi, nan sanyi ya fi nutsawa.

Ga tambayar wannan mako: me ya sa ƙanƙara take yawo a saman ruwa maimakon ta nutse? Amsar tana cikin sakin layi na farko. Ku tattauna da malamin Fiziks ɗinku, sai mun haɗu mako mai zuwa.